Sunan da Yayana Ya Ƙi Tsallakewa

Da sunan Allah wanda ya halicci mutane jinsi-jinsi, ya raba musu harsuna da launuka, ya fitar da kowa daga tsatson wani. Ku matso, ku da kuke zaune a inuwar gidajen iyayenku. Ni ne Bagudu ɗan Nomau, maroƙi jikan maroƙa, zan ba ku labarin ƙasar da rana take leƙowa kamar mai jin kunya, da gidan da aka kashe mini ɗan'uwa saboda suna guda, da yadda na rama.

A gidanmu ba a gadon gona, ba a gadon shanu. Asalin mutane muke gada. Tun muna ƙanana mahaifinmu ya hore mu da doka ɗaya: in kana jero kakannin mutum kada ka tsallake kowa, ko ɓarawo ne, ko mahaukaci ne. Yayana Tunau ya riƙe dokar nan fiye da yadda ya riƙe cikinsa. Dogo ne, mai murya kamar ta ƙaho, kuma in ya matse kalangu a hammata sai ka rantse mutum ne yake magana. Shi ya tayar da ballin tafiya. Ya ce ya haddace asalin kowane gida a ƙasarmu, saura na sauran duniya. Ni kuwa ban taɓa ce masa a'a ba, sai na ɗauki burgamina na bi shi.

Muka bi ayari muka ƙetare rairayi, muka iso bakin babban teku, muka shiga jirgin fatake. A cikin tekun nan na ga kifin da ya fi dutsen garinmu girma yana fesa ruwa ta tsakar ka. Na ga duwatsun ƙanƙara suna yawo a kan ruwa ba mai tura su. Daga nan guguwa ta taso ta farfasa jirgin, igiyar ruwa ta tofar da mu biyu a gaɓar wata ƙasa da ake kira Walmar, Tunau yana rungume da kalangunsa.

Mahayan uban ƙasar suka tsince mu, suka kai mu wani gidan dutse a kan tsauni, mai ganuwa da hasumiya da gadar da ake ɗagawa da sarƙa. Gidan Falkarin ke nan, mai gidan kuma sunansa Odo ɗan Gotfar. Gajere ne mai jan gashi, ba ya iya wuce ƙwarya da ruwa bai leƙa fuskarsa ba. Bai taɓa ganin baƙin mutum ba, sai ya ajiye mu don nuna wa baƙi, kamar yadda ake ajiye jimina a gidan attajiri. Muka zauna har kunnenmu ya kama harshensu.

Mutanen nan suna da wata al'ada. Mu a fuska muke tsaga asali, su kuwa a kan garkuwa suke zana shi. Kowane gida da alamarsa, ta Falkarin baƙin kyarkeci ce. In mace ta yi aure sai a raba garkuwarta biyu a zana gidajen da ta haɗa, in ta mutu a rataye ta a kan kabarinta. Sai dai iyaye maza kawai suke ƙirgawa da babbar murya. Mace in ba ta zo da ƙasa ba, da an binne ta an manta ta.

Tunau ya ga abin da yake so. Ya bi masu dafa abinci da masu kiwon dawaki da tsofaffin da ke shan hantsi a jikin ganuwa, har ya haɗa asalin gidan kaf. Ranar wani biki da tsakar rana, zaure cike da manyan baƙi, Odo ya ce a kawo baƙaƙen nan su yi masa wasa irin na ƙasarsu. Wani tsohon mai dafuwa ya riga ya ja ni gefe ya ce akwai sunan da ba a faɗa a gidan nan. Na raɗa wa Tunau.

Na ce, "Yaya, ka tsallake Rainal. Wan Odo ne, an kore shi, an hana ambatonsa."

Ya dube ni ya ce, "Bagudu, an haife shi ko ba a haife shi ba?"

"An haife shi."

"To me ya rage?"

Ya matse kalangu ya fara. Ya taso tun daga kakan da ya aza harsashin gidan, yana ba kowa kirarinsa, baƙi suna buga tebur don daɗi. Da ya iso kan Gotfar sai ya ce, "Gotfar ya haifi Rainal, ɗan fari, sannan ya haifi Odo." Bugun tebur ya tsaya cak. Odo bai ɗaga murya ba. Ya ajiye ƙoƙonsa, ya ce a hau da mai kiɗan nan saman hasumiya ya ga iyakar ƙasar Falkarin, sannan a sauko da shi ta gajeriyar hanya. Aka rirriƙe ni a tsakar gida aka ɗaga mini haɓa don in ga faɗowarsa. Na gani. Suka tattake kalangun, ban tsira da komai ba sai makaɗin, wanda na cusa a cikin rigata.

Ban yi kuka ba a ranar. Wani abu ne ya zauna mini a ƙirji kamar garwashi, na kuwa yi alkawari ba zan bar shi ya mutu ba.

Aka jefa ni ɗakin karnukan farauta, aka ce in kaka ta yi za a sake ni a daji a koya wa ƴan kwikwiyo bin sawu da ni. To, maroƙi ko a ina ya sami kansa yana da sana'a. Na riƙa raba gurasata da su. Na ba kowane kare suna, na yi masa kirari da harshenmu, ina sosa masa kunne. Babbansu, wani mai tabo a hanci, na kira shi Gagarabadau, in na wasa shi har lumshe ido yake. Ranar da aka sake ni na ruga cikin kurmi, aka busa ƙaho aka saki karnuka. Da suka cim mini sai na tsaya na ɗaga murya na yi wa Gagarabadau kirarinsa. Ya zo ya ɗora mini ƙafafu a ƙirji yana lasar gemuna. Na jefa sanda wajen gabas na yi musu ihu, suka kwasa da haushi, mahaya suka bi su. Ni kuwa na yi yamma.

Yunwa ta kai ni wani ƙauye. Mutanensa da ganina suka ce shaiɗan ne ya fito daga ƙasa, suka ɗaure ni a turke a gaban majami'arsu suna tara itace. Ƙofar majami'ar a buɗe take, sai na hangi zane a bango: sarakuna uku sun durƙusa da kyaututtuka gaban jariri, ɗaya daga cikinsu baƙi ne wuluk. Na daka musu tsawa na ce, "Kai, marasa kunya! Ku dubi bangonku. Jikan wancan za ku ƙona?" Nan take na jero musu kakanni tun daga shi har kaina, ba ko tuntuɓe. Suka kwance ni suna rawar jiki, aka kawo mini madara da cuku, wata tsohuwa tana ta shafa hannuna tana shafa fuskarta. Asalin kaina na yi wa ado, wannan kuwa tsakanina da kakannina ne. A ranar na gane inda lagon mutanen nan yake. Ba sa tsoron takobi kamar yadda suke durƙusa wa asali.

Na shiga neman zuriyar Rainal. Na tarar ya rasu cikin talauci, ya bar ƴa ɗaya mai suna Hawisa, tana sana'ar fito, tana ƙetarar da mutane da kwale-kwale a wani kogi. Mace ce mai faɗin kafaɗa, hannunta duk kanta, idonta kuwa na masu mulki ne. Na gaya mata wanda nake da abin da ya faru.

Ta ce, "Wani ya faɗi sunan babana a zauren nan? Da ƙarfi?"

Na ce, "Da kalangu ma, ranki ya daɗe. Da ransa ya biya."

Sai ta ba ni labarin yadda aka yi. A addininsu haramun ne mutum ya auri wadda suka haɗa kaka, ko da kakan kaka ne. Na yi mamaki, mu da muke neman ƴar baffa da fitila don ƙarfafa zumunci. Gotfar ya auri Ermina ta haifi Rainal, bayan ta rasu ya auri Sibila ta haifi Odo. Da Gotfar ya mutu sai Odo ya je wurin babban limaminsu ya nuna cewa Gotfar da Ermina duk jinin mace ɗaya ne, wata Berta, matar wanda ya kafa gidan. Limamin ya yanke hukunci cewa auren bai ɗauru ba tun farko. Rainal ya kwana ɗan fari ya tashi shege, gida da ƙasa suka koma hannun Odo.

Na ce, "Ita Bertar ina kabarinta?"

Ta ce, "Wa ya sani? Mijinta ya mutu tana da ƙuruciya, aka ce ta haura duwatsun arewa. Ba wanda ya sake tambaya."

Na yi dariya, karo na farko tun mutuwar Tunau. Kowane ɗan maroƙi a ƙasarmu ya san macen da ta bar gida da ƙuruciyarta ba ɓacewa take yi ba, wani gidan take zuwa ta cika da ƴaƴa. Na ce wa Hawisa ta ɗaure kwale-kwalenta, za mu bi sawun matacciya.

Muka haura duwatsun da ƙanƙara take zuba a kansu kamar gari daga rariya. Sanyi ya cinye mini ɗan yatsan ƙafa, ban damu ba. Muna tafe ina tambayar tsofaffi, har muka sauka wata tsohuwar masarauta da ta rushe, ta wani Sarki Aldaram, wanda alamarsa farar dinya ce mai dogon wuya. A tsakiyar wani tafki akwai tsibiri inda aka binne matarsa, fararen dinyoyi suna gadinsa, kowace ta kai jaki girma. Aka ce duk wanda ya kusanta sai sun karya masa hannu da fiffike. Na zauna a bakin ruwa ina sauraron kukansu har na gane kiran da uwa take yi wa ƴaƴanta. Hawisa ta ari kwale-kwale tana tuƙi, ni ina gaba ina wannan kira, dinyoyin suka jeru a bayanmu tiɓi-tiɓi har muka sauka.

A tsibirin akwai ɗan ɗakin ibada, da wata makauniyar tsohuwa mai share kabarin, aikin da ta gada daga uwarta. Na gaishe ta na ce, "Iya, wace ce a kwance nan?"

Ta ce, "Sarauniya ce, ɗana. Mu dai Sarauniya muka taso muka ji ana cewa."

"Ta haihu da sarki?"

"Ƴa ɗaya. Aka kai ta kudu aure, ita ce kakar wata Sibila da aka ce ta shiga gidan kyarkeci."

Na ɗaga kai na dubi garkuwar da ke rataye a kan kabarin. Rabinta farar dinya ce, ɗaya rabin kuwa hayaƙin kyandir na zamani da zamani ya rufe shi baƙi ƙirin. Na tofa yawu a yatsa na murza gefe kaɗan. Kunnen kyarkeci ya leƙo. Berta ce. Na tsaya ina kallon kunnen nan, daɗi yana ratsa ni har tafin ƙafa, daɗi mara kyau, ban kuma nemi tsari da shi ba. Na lakato baƙin hayaƙi na mayar na rufe.

Da bazara na koma gidan Falkarin ni kaɗai, da tsumma a jikina. Na faɗi a gaban Odo na zuba ƙasa a ka.

Ya ce, "Au, naman karnukana ne ya dawo da ƙafarsa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yunwa ta koya mini hankalin da yayana bai samu ba. Na zo da tsaraba in sayi kaina."

Na riga na ji abin da yake ci masa rai. Yana son a ba shi riƙon tutar sarkin Walmar, amma ba a ba kowa sai mai jinin sarauta, gidan kyarkeci kuwa mayaƙa ne kawai. Na ce masa na gano mahaifiyarsa Sibila jinin Sarki Aldaram ce, shaida kuma tana rataye a tsibiri. Idonsa ya yi wal. Ya tura mahaya, na bi su na yi wa dinyoyi kira, muka ɗauko garkuwar. Wani baransa ya ɗauko tsumma zai goge ta, Odo ya kwaɗa masa mari.

Ya ce, "Wawa! Wannan baƙin shi ne shekarunta. Ka goge, a ce jiya na sa aka zana?"

Na sunkuyar da kai don kada a ga haƙorana. Ya tambayi sunan sarki, da yaƙe-yaƙen sarki, da faɗin ƙasar sarki. Ko sau ɗaya bai tambayi sunan matar sarki ba.

Ranar shaida sarkin Walmar ya zo da kansa, da babban limamin nan, wanda ya tsufa har ana riƙe shi. Aka taru a filin da ke gaban hasumiya, daidai inda Tunau ya faɗo. Aka rataye garkuwar a kan mashi. Aka kawo akwatin da suke ajiye ƙasusuwan waliyyansu, wanda suka yi imani duk mai rantsuwar ƙarya a kansa ya hallaka duniya da lahira. Odo ya ɗora hannu ya rantse cewa uwarsa Sibila ta fito daga tsatson Sarki Aldaram da matarsa ta halal, mai wannan garkuwa. Limamin ya sa ya maimaita, ya maimaita da ƙarfi yana waigen jama'a.

Sai na fito da tsumman da na jiƙa da ruwan toka. Na ce, "Ranka ya daɗe, bari a ga fuskar kakarka da kyau." Kafin a riƙe ni na goge rabin nan tun daga sama har ƙasa. Baƙin kyarkeci ya fito sarai, baki buɗe.

Limamin ya matso har hancinsa yana taɓa itacen. Ya ce, "Kyarkeci da dinya. Matar gidan Falkarin da ta auri Aldaram. Wannan Berta ce."

Na ce, "Ita ce, malam. Wadda jininta ya ɓata auren Ermina. Yanzu mai gida ya rantse da bakinsa cewa jinin nan ne a jikin tasa uwar. Ni baƙo ne, ban san shari'arku ba, a fahimtar da ni. In Rainal shege ne, Odo mene ne?"

Odo ya zaro takobi, dogaran sarki suka murɗe masa hannu. Ya ce ƙarya ce, ya janye rantsuwar. Sarki ya tambaye shi ko yana nufin ƙarya ya yi a kan ƙasusuwan waliyyai. Bakinsa ya buɗe ya rufe kamar na tarwaɗa a kan yashi. Na matsa kusa don in ga wannan da kyau, na kuwa gani, ban ƙifta ba.

Limamin ya ga ba mafita. Ko aurarrakin biyu su ɓaci gidan ya rushe, ko su ɗauru duka. Ya ce Gotfar ya yi su cikin rashin sani, ya halatta su duka biyun. Sarki ya ce, to ina zuriyar ɗan fari? Hawisa ta ratso taro da kayan fitonta, ta tsaya. Tsofaffin barorin gidan da suka ga fuskar Rainal a fuskarta suka fashe da kuka.

Aka ba ta gidan ubanta. Aka yanke wa Odo zaman ɗakin ibada na cikin gidan, a aske masa jan gashin nan, ba doki ba takobi har ya mutu. Hawisa ta ce a kankare sunansa daga asalin Falkarin kamar yadda ya yi wa mahaifinta.

Na ce, "A'a, ranki ya daɗe. An haife shi. Yayana ya mutu ne don ya ƙi tsallake suna, ba zan tsallake wannan ba. Ki bar mini shi kawai in yi masa kirari."

Ta ce, "Naka ne."

Na sa aka sassaƙa mini kalangu, na ɗaure shi da hannuna, na fito da makaɗin Tunau daga cikin rigata. A zauren nan, da tsakar rana, aka zaunar da Odo a bakin ƙofa da ƙwaryar kansa a aske. Na taso daga harsashin gida, na kira Berta da gidajenta biyu. Na ce, "Gotfar ya haifi Rainal, ɗan fari, uban Hawisa. Sannan ya haifi Odo, wanda ya kashe baƙonsa Tunau ɗan Nomau don ya faɗi gaskiya." Hawisa ta miƙe ta yi doka cewa haka za a riƙa faɗinsa a kowane biki da kowane aure da kowace jana'iza, kuma haka za a koya wa ƴaƴan gidan. Ta sa aka zana ɗan ƙaramin kalangu a ƙarƙashin ƙafar kyarkeci.

Kafin in kamo hanyar gida na leƙa ɗakin ibadar. Tagarsa tana kallon inda ake koya wa ƴaƴan barori da na dangi asalin gida, suna rerawa da ƙarfi kamar masu hadda. Odo yana zaune ya toshe kunnuwa da tafukansa. Na jira har suka iso wurin, na ji bakunan Walmar suna fama da sunan yayana, suna cewa Tunawu ɗan Nomawu. A nan ne kukan da na riƙe ya zo mini, na zauna a kan dutse na yi shi har na ƙoshi.

Iyakar abin da na gani ke nan, wanda na ƙara Allah ya yafe, wanda na rage ku yafe. In kuma wani cikinku ya taɓa kaiwa Walmar, ya tambayi gidan kyarkeci mai kalangu, ya ce a jero masa kakanni. Ba za su kai ƙarshe ba sai sun kira Tunau.